Jarumai ko Bore: Tarke a kan Ginin Tunawa da Boren Birnin Warso na 1944

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarke a kan wani ginin tunawa da ke Dandalin Krasinski a birnin Warso, babban birnin ƙasar Polan, wanda aka kafa domin girmama boren da mutanen birnin suka yi wa sojojin mamaya na Jamus a cikin 1944. An buɗe shi ran 1 ga Agusta, 1989, watau shekara 45 cif bayan aukuwar abin da ake tunawa da shi. Wannan tazara ce ta fara jan hankalinmu. Birnin da ya iya tayar da tsohuwar unguwarsa daga toka, tubali bisa tubali, cikin shekara goma da ƙare yaƙi, ba za a ce rashin tagulla ko rashin gwanaye ne ya hana shi kafa mutum-mutumi ba.

Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ko da yake ginin ya bayyana ne a daidai lokacin da mulkin gurguzu yake gargarar mutuwa a ƙasar, da bakin wannan mulki yake magana. Ya yarda a yabi mayaƙa, amma ya kau da kai daga tambayoyi uku da boren ya bari, watau wa ya ba da umurni, wa ya tsaya yana kallo, su wa kuma suka fi mutuwa. Za mu bi shi kamar yadda manazarci yake bin waƙa ko ƙagaggen labari, ta fuskar jigo da zubi da salo, sai dai a nan akwai abu na huɗu da ya rinjayi sauran, shi ne suna.

Tun da zancen suna ya taso, ya kamata a ce wani abu game da kalmar da muka zaɓa. Mutanen Polan suna kiran abin da ya faru powstanie, kalmar da tushenta yake nufin miƙewa tsaye. A Hausa muna da "tawaye", muna kuma da "bore". Ta farko takan ɗauki ra'ayin mai mulki, domin wanda aka kira ɗan tawaye an riga an yanke masa hukuncin ya fita daga ɗa'ar halattaccen shugaba. Ta biyu kuwa ta fi karkata ga mutanen da tura ta kai su bango. Shi ya sa muka ɗauki "bore". Kada mai karatu ya zaci wasa da kalmomi ne. Jamusawa da fari 'yan fashi suke kiran mayaƙan, wanda suka kama su harbe shi nan take, kuma ɗaya daga cikin manyan sharuɗɗan da aka rubuta a takardar miƙa wuya shi ne a ɗauke su a matsayin sojoji fursunonin yaƙi. A wancan lokaci suna shi ne tsakanin rai da mutuwa.

Kwana 63

Ran 1 ga Agusta, 1944, da ƙarfe 5 na yamma, Rundunar Cikin Gida, wadda ake taƙaita sunanta da AK, ta far wa Jamusawa a cikin birnin. Runduna ce ta ɓoye, mai biyayya ga gwamnatin Polan da ke gudun hijira a Landan, kwamandanta kuwa shi ne Janar Tadeusz Komorowski, mai laƙabin Bor. Lissafin shugabanninta ba mai wuyar ganewa ba ne. Jar Rundunar Tarayyar Sobiyat ta riga ta kusanto gabashin Kogin Bistula, kuma ran 22 ga Yuli wani kwamiti na 'yan gurguzu da Sitalin ya ɗaure wa gindi ya shelanta kansa a matsayin hukumar ƙasa. In mutanen birni suka kori Jamusawa da hannunsu, to za su tarbi Rashawa a matsayin masu gida ne, ba a matsayin waɗanda aka kwance wa mari ba. Ke nan, da makami boren Jamus yake fuskanta, a siyasance kuwa Mosko.

An yi shiri na 'yan kwanaki, sai abin ya kai kwana 63. Jar Runduna ba ta kama unguwar Praga da ke gabashin kogin ba sai tsakiyar Satumba, kuma yunƙurin da wasu rukunonin sojan Polan da ke ƙarƙashinta suka yi na haye ruwa ya ƙare da asara mai yawa. Makonni da dama Sitalin ya hana jiragen Ingila da Amurka masu kawo agaji su sauka a filayensa. A unguwar Wola kaɗai, cikin makon farko, sojojin Jamus sun karkashe farar hula da aka ƙiyasta sun kai 40,000 zuwa 50,000, maza da mata da yara da marasa lafiya a gadajen asibiti. Da aka miƙa wuya ran 2 ga Oktoba, mayaƙan da suka mutu sun kai wajen 16,000, farar hula kuwa tsakanin 150,000 da 200,000. Sa'an nan aka kwashe sauran mutanen birnin, aka bi gidaje ana ƙonewa ana tarwatsawa da nakiya. Ran 17 ga Janairu, 1945, da Jar Runduna ta shiga, kusan kashi 85 cikin ɗari na gine-ginen yammacin kogin kufai ne.

Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu, 16,000 da 150,000, domin za mu komo gare su idan mun tsaya gaban tagullar.

Shekarun kewaye-kewaye

Sababbin masu mulki sun sami kansu cikin tsaka mai wuya. Ba gidan da bai yi rashi ba a birnin, saboda haka ba yadda za a ce ba a yi boren ba. Amma kuma girmama shi yana nufin girmama gwamnatin Landan da suka ture, da tone tambayar abin da ya tsayar da ubangidansu a bakin kogi. Amsarsu ta farko ita ce ƙarfi. A watan Yuni na 1945 aka gurfanar da shugabannin gwagwarmayar ɓoye su 16 gaban kotu a Mosko, cikinsu har da Janar Leopold Okulicki, kwamandan AK na ƙarshe, wanda ya mutu a kurkuku a can cikin 1946. A bangayen garuruwa aka manna wani hoton farfaganda da ke nuna ƙaton soja na sabuwar hukuma yana wuce wani wada mai rataye da allon AK a wuya. Janar August Emil Fieldorf, ɗaya daga cikin manyan hafsoshin rundunar, an rataye shi a Warso cikin 1953.

Abin lura shi ne, a cikin waɗannan shekaru ba a daina kafa gine-ginen tunawa ba, sai dai kowanne ya bi gefen maganar ya wuce. Wanda aka fara kafawa bayan yaƙi, a watan Nuwamba na 1945, a unguwar Praga ne, domin yabon 'yan'uwantakar sojojin Polan da na Sobiyat. A gindinsa akwai sojoji huɗu tsaye sun sunkuyar da kai. Mutanen gari, da ba su da jarida ba su da majalisa, sai suka yi tarkensu da baki, suka raɗa masa suna "Masu Barci Huɗu". A ganinmu babu wani sharhi da aka taɓa rubutawa a kan gine-ginen tunawa na birnin da ya kai wannan laƙabi kaifi, domin kowa ya san barcin da ake nufi, kuma ba wanda za a iya kamawa a kansa. A cikin 1946 an kafa wani dogon dutse a maƙabartar soja ta Powazki domin mayaƙan AK, mai suna da Latinanci, Gloria Victis, watau ɗaukaka ta tabbata ga waɗanda aka rinjaya. Wannan an ƙyale shi, watakila domin a maƙabarta yake, inda ake kuka, ba a dandali ba, inda ake taro. Shekara da shekaru nan ne jama'a suka riƙa haɗuwa kowace 1 ga Agusta, 'yan sandan ciki suna lura da wanda ya zo.

Wajibi ne a nan mu rarrabe abu biyu da baƙi suka sha haɗawa. Ginin tunawa na Nathan Rapoport da aka buɗe ran 19 ga Afrilu, 1948, wanda Shugaban Gwamnatin Jamus ta Yamma Willy Brandt ya durƙusa a gabansa ran 7 ga Disamba, 1970, na wani bore ne dabam, watau na Yahudawan da aka killace a unguwa guda, wanda ya auku a watan Afrilu na 1943. Wannan aiki ne mai tarihinsa na kansa, kuma ya cancanci nazari na musamman. Abin da ya shafe mu kurum shi ne, a 1943 Jar Runduna tana can nesa ƙwarai da Warso, saboda haka tunawa da wancan bore bai tayar da tambayar da hukuma take gudu ba.

Bayan 1956, da aka ɗan sassauta, aka sako fursunonin AK da yawa, sai hukuma ta ƙirƙiro wata dabara wadda ita ce mabuɗin duk abin da ya biyo baya. Ta raba boren gida biyu: ƙananan mayaƙa jarumai ne da aka yaudara, shugabanni kuwa masu laifi ne da suka sayar da birni domin kwaɗayin mulki. Ta haka ana iya ajiye furanni ba tare da an taɓa siyasa ba. 'Ya'yan wannan dabara na fari shi ne mutum-mutumin da Marian Konieczny ya ƙera, wanda aka buɗe a Dandalin Gidan Wasa ran 20 ga Yuli, 1964. Siffar mace ce, rabin jikinta a ƙasa tana yunƙurin tashi, takobi a ɗage, ana kiranta Nike, sunan allahiyar nasara ta tsoffin Girkawa. An sadaukar da ita ga jaruman Warso na 1939 zuwa 1945. A duba da kyau: an narkar da kwana 63 cikin shekara 6, kamar yadda mai talla ke sirka nono da ruwa har ɗanɗanonsa ya ɓace. A duba ranar buɗewa kuma, ba 1 ga Agusta ba ce, kwana biyu ne kafin bikin cikar hukumar gurguzu shekara 20.

Wanda ya fi kowa iya zama cikin wannan ƙunci ya kuma faɗi gaskiya ba maƙerin tagulla ba ne, mai shirya fim ne. A fim ɗin Andrzej Wajda mai suna Kanal, na 1957, mayaƙa biyu sun bi lambatun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa har suka iso mafita a bakin Bistula, sai suka tarar an toshe ta da sandunan ƙarfe. Ta tsakanin sandunan ana hango ɗaya gaɓar kogin, shiru. Ba a ambaci Rasha ba ko sau ɗaya, amma babu ɗan Polan da ya fito daga gidan sinima bai fahimta ba. Mun kawo wannan ne domin ya zama ma'auni, ya nuna cewa ko a ƙarƙashin takunkumi, mai fasaha yana iya nuna gaɓar kogin in ya so.

Rikicin suna

Sai a cikin 1981, lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta Solidarnosc, watau Haɗin Kai, take kan ganiyarta, aka sami kwamitin jama'a na gina abin tunawa da boren da sunansa. Jama'a suka yi ta ba da gudummawa. Ran 13 ga Disamba na wannan shekara Janar Wojciech Jaruzelski ya kafa dokar soja. Daga bisani hukuma ta kawar da kwamitin, ta kafa wanda take iya juyawa, aka ajiye zanen da ya ci gasar da aka shirya, aka ɗauki na Wincenty Kucma, maƙerin siffofi, da Jacek Budyn, mai zanen gine-gine. Masu zanen gine-gine da masu sharhin fasaha da dama sun yi ƙorafi a fili, ba a saurare su ba.

Amma babban canjin kalma ɗaya ce. Abin da aka fara da sunan ginin tunawa da Boren Warso sai ya koma ginin tunawa da Jaruman Boren Warso. Ga wanda bai san dabarar bayan 1956 ba, wannan ƙarin girma ne, domin wa zai ƙi a kira mamacinsa jarumi? Ga wanda ya sani kuwa, ragi ne. Idan aka girmama bore, an girmama shawarar da aka yanke, da hukumar da ta yanke ta, da manufarta ta hana ƙasar faɗawa hannun Mosko. Idan aka girmama jaruman bore, an girmama jini da ƙarfin hali kaɗai, waɗanda ba su da jam'iyya. Masu nazarin kirari sun san wannan hikima: maroƙi yana iya wasa mutum da sadaukantaka tun safe har dare ba tare da ya taɓa faɗin abin da ya kai shi fagen fama ba, kuma sau da yawa yawan kirarin shi ne hanyar rufe wancan zance.

A tsakanin nan wani ƙaramin aiki ya riga babban fitowa. Ran 1 ga Oktoba, 1983, aka buɗe mutum-mutumin Ƙaramin Ɗan Bore a jikin ganuwar tsohuwar unguwa, da kuɗin da 'yan sikawut suka tara. Jerzy Jarnuszkiewicz ne ya tsara siffar tun 1946: yaro ƙarami, hular kwano ta Jamusawa ta yi masa yawa har ta kusa rufe masa ido, da bindiga rataye. Baƙi sun fi son sa a kan kowane, kuma lalle yana taɓa zuciya. Sai dai yaran da suka shiga boren galibinsu aikin kai saƙo da raba wasiƙu suka yi, domin bindigar da ba ta ishi manya ba ba za a miƙa wa yaro ba. Ko ba haka ba ma, akwai abin dubawa a ce al'umma ta ɗauki yaro mai makami ya zama abin sha'awa. A wajen hukuma dai ba shi da haɗari, tun da yaro ba ya yanke shawarar siyasa.

Zubi da salo

Ginin Dandalin Krasinski kashi biyu ne, duka na tagulla. Babban, wanda tsayinsa ya kai wajen mita 10, ana kiransa Zryw, ma'ana zabura. Wasu manyan ginshiƙai ne a karkace, kamar bene yana cikin rushewa, daga ƙarƙashinsu kuma gungun mayaƙa, kowanne ya fi mutum girma, sun fito a guje da makamai. Ƙaramin kashin, Epilog, watau rufewa, yana gaba kaɗan, kusa da ƙasa: 'yan mutane ne a bakin ramin lambatu, ɗaya ya riga ya nutse har rabin jiki, a cikinsu akwai limamin Kirista.

Bari mu fara da abin yabo a babban kashin. Ginshiƙan nan suna ɗauke da harshen damo mai kyau. Mai kallo ba zai iya tantancewa ba ko mutanen nan sun fito ne su kai hari, ko kuwa gudu suke kada gini ya danne su, kuma gaskiyar tarihi ita ce duka biyun ne a lokaci guda. Da maƙerin ya amince da ginshiƙansa ya bar su su yi magana, da aikin ya yi nisa. Amma siffofin da ya zuba a ƙarƙashinsu sun warware abin da ginshiƙan suka ƙulla. Jikuna ne ƙosassu, masu faɗin ƙirji, ba alamar yunwa ko ƙishirwa ko rashin barci, alhali birnin ya ƙare boren yana cin tafasasshen sha'ir yana haƙa rijiyoyi a tsakar gida. Ido kuma kan makamansu yake fara sauka, alhali mafi yawan mayaƙan sun fita ranar farko ba bindiga a hannu, sai gurneti ko kwalabar fetur, suna jiran abokin gaba ko abokin tafiya ya faɗi su ɗauki tasa. Wannan jiki mun san shi. Shi ne jikin soja da ma'aikaci da aka kakkafa a dandalin garuruwa tun daga Balin ta Gabas har ƙarshen Sibiriya, cikin salon nan da hukumomin gurguzu suka wajabta, wanda ke da'awar zana zahiri alhali abin da ya kamata a ce ya faru yake zanawa. Ke nan an ɗauki mutanen da wannan tsari ya ɗaure, ya rataye, an zuba su cikin ƙirar da tsarin ya tanada domin yabon kansa.

Sa'an nan a dubi abin da babu. Babu wata fuska da za a kira ta da suna, saboda haka babu shugaba, babu umurni. Wannan ba ƙaramin gibi ba ne, domin gardamar ko ya dace a ba da umurnin ba 'yan gurguzu kaɗai suka tayar da ita ba. Janar Wladyslaw Anders, kwamandan sojojin Polan a Italiya, wanda ba mai zarginsa da son Mosko tun da ya ɗanɗani kurkukunta, ya yi tir da shawarar tun boren yana gudana. Babu kuma kogi, babu ɗaya gaɓar, babu ko alamar jiran taimakon da bai zo ba, abin da Wajda ya nuna shekara 32 kafin haka. Uwa uba, farar hula ba su sami wani kaso na kirki ba. A kowane mayaƙi ɗaya da ya faɗi, kusan mutum goma ne marasa makami suka mutu, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, a layin ɗiban ruwa, a jikin bango a Wola. Wanda ya tsaya gaban tagullar nan bai san tarihi ba, zai tafi da zaton yaƙi ne aka gwabza tsakanin runduna da runduna.

Ana iya kare aikin, kuma kariyar ba ta banza ba ce. A 1989 wanda ya shiga boren yana ɗan shekara 20 ya kai 65. Mutanen da aka shafe shekaru ana kiransu wadanni suna da haƙƙin su ga kansu a tsaye, manya, da fuska da hannu, ba wasu duwatsu masu wuyar fassara da sai masani ya yi bayani ba. Da yawansu sun gwammace a yi shi da aibinsa suna raye, da a ci gaba da gasa har su ƙare. Wannan mun karɓa. Abin da ba mu karɓa ba shi ne a ce zaɓi biyu ne kawai, ko ƙato mai bindiga ko dutse marar fuska, domin ƙaramin kashin aikin da kansa ya ƙaryata haka.

A nan ne Kucma ya yi abin da za a daɗe ana tuna shi da shi. Gine-ginen tunawa da yaƙi kusan duka sama suke nufa. Wannan ƙasa ya nufa. Yana daidai da tsayin mai kallo, har mutum yana iya tsayawa kafaɗa da kafaɗa da siffofin, ya leƙa inda suke leƙawa. Mutumin da ya nutse rabi ba nasara yake yi ba, ba kuma mutuwar jarumta yake yi ba, shiga ƙazanta yake domin ya tsira. Kuma wurin ba zaɓen banza ba ne. A wannan dandali, a mahaɗar titin Dluga, ainihin bakin ramin yake, wanda ta cikinsa mayaƙa fiye da 5,000 suka fice daga tsohuwar unguwa zuwa tsakiyar birni a ranakun 1 da 2 ga Satumba, 1944, bayan wata guda suna riƙe da ita. Tafiyar ba ta kai kilomita 2 ba, amma takan ci sa'o'i, cikin duhu, a sunkuye, ba magana, domin Jamusawa suna sama suna saurare.

Duk da haka, ko wannan kashi rabin labarin ya faɗa. Rami ba ya ɗaukar kowa. Waɗanda suka shiga sun bar dubban farar hula a baya, da masu munanan raunuka da ba su iya tafiya. Ran 2 ga Satumba Jamusawa suka shiga asibitin da aka kafa a gida mai lamba 7 a wannan titi na Dluga, tafiyar 'yan mintoci daga inda tagullar take yau, suka kashe ɗaruruwan majinyata, suka sa wa ginin wuta. Bakin ramin nan ƙofar tsira ce ga wasu, ga wasu kuwa nan ne aka yi sallama da su. Da maƙerin ya juya fuska ɗaya tak ta waiwayi waɗanda ba za su shiga ba ta yadda mai kallo ba zai iya kauce wa ganinsu ba, da ƙaramin kashin ya ɗauki nauyin da babban ya kasa. Game da limamin kuwa, ganinsa a aikin da hukumar gurguzu ta amince da shi yana nuna yadda ƙarfi ya riga ya koma a shekarun 1980. Majami'ar sojojin Polan ma tana tsallaken titi tana fuskantar dandalin.

Bayan buɗewa

Ƙaddara ta yi wa aikin wasa. Ran 4 ga Yuni, 1989, Solidarnosc ta lashe kusan duk kujerun da aka bari a yi takara a kansu. Ran 19 ga Yuli Jaruzelski ya zama shugaban ƙasa da ƙyar, ran 24 ga Agusta kuma Tadeusz Mazowiecki ya zama firayim minista na farko da ba ɗan gurguzu ba tun shekarun farko na bayan yaƙi. A tsakanin waɗannan ranaku aka yaye wa ginin mayafi. An haife shi da furfura: duk taka-tsantsan da aka yi wajen tsara shi domin kada a ɓata wa Mosko rai ya zama ba shi da amfani tun kafin tagullar ta dushe. Kalmar "jarumai" ma ta zube daga bakin jama'a, yau ginin tunawa da Boren Warso ake ce masa.

Abin da siffofin suka kasa faɗa, sai abubuwan da suka auku a gabansu suka riƙa cikewa. Ran 1 ga Agusta, 1994, Shugaban Jamus Roman Herzog ya tsaya a dandalin ya nemi gafarar mutanen Polan. Nauyin wannan zai fi fitowa idan aka tuna cewa Heinz Reinefarth, wanda ya jagoranci sojojin da suka yi kisan Wola, ya zama magajin garin Westerland a Jamus ta Yamma bayan yaƙi, har ya shiga majalisar jiha, ya mutu a 1979 ba a taɓa hukunta shi ba. Shugaban Rasha Boris Yeltsin, da aka gayyata wannan taro, bai zo ba, wakili ya aiko. A cikin 1999 aka gama ginin Kotun Ƙoli a bayan tagullar, mai gilasai da jerin korayen ginshiƙai, wanda ya rungume ta ya rage mata girma, kuma a ganinmu ya taimake ta, domin ƙattin sun fi kyau da suka daina mallakar sararin su kaɗai. Masu Barci Huɗu kuwa an ɗauke su daga Praga a 2011 saboda aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba a mayar da su ba.

Aikin ba da labari ya koma hannun Gidan Tarihin Boren Warso, da aka buɗe ran 31 ga Yuli, 2004, a tsohuwar tashar lantarkin taragon birni da ke Wola. Ƙananan alamun tunawa kuma suka yawaita, har mai karatu na Nijeriya zai so ya ji cewa a 2019 an kafa wani dutse domin August Agboola Browne, makaɗin jaz haifaffen Legas, wanda ya rubuta da kansa cikin 1949 cewa ya yi yaƙi a boren da laƙabin Ali.

Farar hula su ne suka fi kowa jira. A maƙabartar Wola akwai gawarwaki da tokar mutum fiye da 100,000, mafi yawansu marasa makami. A kan tudun da aka binne tan 12 na tokar waɗanda aka ƙone, abin da aka ɗora a 1973 shi ne siffar da Gustaw Zemla ya ƙera ta wani mayaƙi kwance da garkuwa, watau ko a kan tokar mata da yara sai da aka nemo soja. Sai a watan Oktoba na 2022, shekara 78 bayan miƙa wuya, aka buɗe zauren tunawa a gefen maƙabartar, da bango mai ɗauke da sunayen dubban farar hula da aka iya ganowa, an kuma bar gurabe domin waɗanda ake ci gaba da nema.